Tayoyin Daminar Bawa

Shekara ashirin da biyu Bawa ya yi yana jan a-kori-kura tsakanin Ƙauran Namoda da Shinkafi. Ran Alhamis ya kai gero da awaki kasuwa, sauran ranaku ya shiga ƙauyukan Moriki da Zurmi ya ɗebo abin da ya samu. Motar tsohuwar Fijo ce fara, ƙofar direba ma sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu. Amma a tashar Ƙaura kowa ya san da wuya ka wuce motar Bawa a gefen hanya an ɗaga ta kan jak.

Dalili kuwa, tayoyinsa kashi biyu ne. Akwai huɗu na rani, masu taurin roba, waɗanda ke jure kwalta in ta yi zafi a bazara. Akwai wasu huɗu masu zurfin zane, na damina, waɗanda ba sa taka ƙasa sai ruwan farko ya kusa. In kaka ta shigo hanyoyi suka bushe, zai kwance su, ya wanke da ruwa da omo, ya bari su sha iska a inuwa, sa'an nan ya jera su kan katako a ɗakin matarsa Rekiya, bayan gado, ya rufe da tsohon bargo. Ya ce rana tana kashe taya ko ba a hau ta ba, mai da fetur kuma suna cin roba, don haka ba za su zauna a zaure kusa da jarkoki ba.

Da farkon aurensu Rekiya ta yi mita. Wace mace ce za a shiga ɗakinta a ji warin roba maimakon turaren wuta? Daga baya ta saba, har ta riƙa ɗora kwandon zarenta a kan bargon. Bawa mutum ne mai magana kan tuwo, kuma maganar tasa ba ta wuce hanya da taya. Tana saurare da kunne ɗaya, ɗayan yana wajen tukunya.

A bazarar shekarar da aka fara aiki da shari'a a Zamfara, wata Talata, Bawa ya dawo daga Moriki, ya tsuguna yana alwallar la'asar, sai buta ta suɓuce masa. Ya miƙa hannun dama ya ɗauka, hannun ya ƙi. Kafin Rekiya ta taso daga bakin murhu ya kife. Kwana tara suka yi a asibiti. Likita ya ce hawan jini ne. Suka dawo gida ɓarin jikinsa na dama a shanye, harshensa kuma ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi ta fama da ita har ya gaji ya bari.

Gida ba ya ci sai mota ta fita. 'Yarsu Nazifa tana aure a Gusau, ba su da namiji. Sai ƙanen Bawa, Sule, wanda ya yi shekaru yana tuƙa tifa kafin mai ita ya sayar, ya karɓi makulli. Sule mutumin kirki ne. Abin da ya samo duka yake kawowa, kuma kowace yamma shi ke ɗaga yayansa ya yi masa wanka. Sai dai yana da gaggawa, kuma a wajensa taya in tana da iska, to taya ce.

Makonni suka wuce. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa. Manoma suka fito da kwashe da iri. Wata safiya Sule ya shigo gaisuwa, Rekiya ta ajiye masa kunu ta ce, "Sule, lokacin canza taya ya yi hwa."

"Wace taya, Yaya? Waɗanda ke ƙafarta lahiya lau suke."

"Na rani ne. Na damina suna ɗakina."

Ya yi dariya har kunu ya so ya sarƙe shi. "Ni dai na yi shekara goma sha ɗaya a tifa, ban taɓa jin mota tana da kayan sallah da na zaman gida ba."

"Tifa ba ta shiga fadamar Moriki," in ji ta.

Ya ce to, za a duba, ya fita. Ta san wannan "to" ɗin.

Da ya tafi ta shiga ɗaki ta yaye bargon. Ɗaya bayan ɗaya ta gangaro da tayoyin tsakar gida, ta goge su da jiƙaƙƙen tsumma. Ta tsaya tana kallonsu, ba ta san ta inda za ta fara ba. Sai ta tuna yadda Bawa yake zare tsinken ashana ya cusa kansa cikin zanen. In kan ashanar ya ɓace duka, akwai sauran rai. Ta ɗauko ashana daga kicin. Ta farko kan ya ɓace. Ta biyu haka, ta uku haka. Ta huɗu ma zanenta yana nan, amma da ta juya ta sai ta ga an ja layi biyu da alli a gefe. Ta sunkuya. Ƙarƙashin allin akwai tsaga mai tsawon ɗan yatsa, in an danna sai ta buɗe baki, ana hango zaren ciki.

Ashe Bawa ya gani tun da kaka. Ya yi alama ne don ya saya wata kafin ruwa.

Ta zauna a kan turmi. Tun ranar da ya faɗi ba ta yi kuka ba, sai yau da ta ga layin allin nan da hannunsa na dama ya ja.

Tana da tunkiya guda mai ƙiba wadda take kiwo a bayan ɗaki. Ta sa aka kai ta kasuwa, ta damƙa wa Sule abin da aka samu, ta nuna masa tsagar. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya sa yatsa ya taɓa, ya ce, "Wagga kam ta mutu." Ya yi alkawarin zai biya wajen Armiya'u.

Armiya'u mai faci ne, yana kuma sayar da tayoyin gwanjo a rumfarsa kusa da tasha. Shi da Bawa tare suka taso, kuma tun da Bawa ya fara tuƙi ba wanda ke taɓa masa taya sai shi.

Da yamma Sule ya shigo yana gangaro da wata taya baƙa wuluk, tana sheƙi kamar ba ta taɓa taka ƙasa ba. Fuskarsa cike da murna.

"Yaya, zo ki gani. Dubi zane! Ko sabuwa albarka. Har kuɗinki sun yi saura."

Rekiya ta durƙusa. Zanen yana da zurfi, gaskiya ne. Amma kowane tudu na zanen an tsattsaga shi ƙanana-ƙanana kamar an bi shi da reza. Ta danna da farcen babban yatsa, robar ta lotsa kamar ƙullin fura. Wani abu ya faɗo mata a rai. Akwai wani dare da Bawa yake ba ta labarin wani direban Zurmi da tayarsa ta tarwatse da tsakar rana, sati biyu da saye. Ya ce irin waɗannan masu ƙananan tsaga ana yin su ne don ƙasashen da ruwa ke daskarewa a kan hanya. Can suna riƙe mota, nan kuwa kwalta ke dafa su.

"Sule, wagga ba tamu ba ce. Ta ƙasar sanyi ce."

"Damina fa za mu shiga. Ai sanyi ke nan."

"Damina ba ta hana rana. Ruwa ya sauka da asuba, da azahar kwalta ta koma wuta. Daga nan zuwa Shinkafi da buhu goma sha biyar a kanta, ba za ta ga kaka ba."

Fuskar Sule ta canza. Ya miƙe ya kakkaɓe hannu. "Yaya Rekiya, ki gafarce ni, shekara nawa kika yi kina tuƙi?"

Sai ta ɗaga labule ta gangara da tayar har bakin katifar Bawa. "Malam, duba mana wagga."

Bawa ya kalli tayar. Leɓensa ya motsa. Sai kawai ya juya fuskarsa ga bango. Tun da ya dawo daga asibiti haka yake yi in an ambaci mota. Ko ƙarar injinta ya ji a ƙofar gida sai ya rufe ido.

Sule ya ce, "Kin gani. Ki bar shi ya huta. Jibi zan ɗaura su duka." Ya fita ko tuwo bai tsaya ci ba.

Washegari Sule ya yi sammako Kasuwar Daji. Rekiya ta ba Bawa magani, ta shafa masa man zafi a kafaɗa, ta roƙi maƙwabciyarta ta riƙa leƙa shi. Daga gidansu a bayan layin dogo zuwa tasha akwai 'yar tafiya. A shekarar 'yan kabu-kabu sun daina ɗaukar mata, motocin mata kuma ba sa shigowa lungunsu. Ta jira a bakin hanya har rana ta ɗaga, ba ta ga mai baro ba. Sai ta koma ciki, ta naɗe tsohon zane ta yi gammo, ta zura hijabi, ta ɗora tayar a ka.

Mata sun saba ɗaukar itace da ƙwarya, amma ba a saba ganin dattijiya da taya a ka ba. Masu shago suka bi ta da ido. Wani mai shayi ya ce, "Inna, motar taki ina ta lalace?" aka yi dariya. Ba ta waiwaya ba. Robar ta ɗauki zafi, gumi yana gangaro mata ta bayan kunne, wuyanta ya sage kafin ta hango rumfar.

Armiya'u yana tsugune yana duba tub ɗin taya a cikin bahon ruwa. Ya ɗago ya ga wadda ke tsaye, ya saki tub ɗin ya taso da sauri ya sauke mata.

"Subhanallahi! Uwar Nazifa, ke da kanki? Mi ya hana ki aiko?"

"Wa zan aika?" Ta zauna a kan benci, ta sha ruwan da ya miƙa mata. "Malam Armiya'u, kai ka ba Sule wagga?"

Ya sosa gemu. "Ni na ba shi. Na gaya mai ta masu ƙananan motoci ce da ba su barin cikin gari, ya ce zanenta ya fi na kowace. Ban so in yi ta ja da shi a gaban direbobi ba. Amma wallahi ban kwana da daɗi ba." Ya dube ta. "Bawa ne ya ce ki maido?"

"Bai ce komi ba."

"To wa ya gaya maki?"

"Shekara ashirin ina jinsa," in ji ta.

Armiya'u ya shiga cikin rumfa ya fito da uku masu girman na motar, ya jingine su da benci. Bai ce ga wadda ta fi ba. Rekiya ta jawo ta farko, ta zura hannu ciki ta shafa kewaye, ta ji tudun faci har biyu, ta ture ta. Ta biyu cikinta sumul, amma a bakin da ke kama ƙarfe waya ta ɗan leƙo. Ta nuna masa da yatsa, ya gyaɗa kai. Ta uku ba ta da kyan gani ko kaɗan, toka-toka ce, da busasshiyar laka a jikinta. Zanenta manya-manya ne, tsakaninsu da fili. Ta danna farce, robar ta ƙi. Ta bi gefenta biyu da tafin hannu tana neman kumburi ko tsaga, ba ta samu ba.

"Ba ni ashana."

Ya ba ta. Kan ashanar ya nutse, har da ɗan saura.

"Wagga," ta ce.

"Ita zan ba Bawa da shi ne ya zo," in ji Armiya'u. "Zane mai fili shi ke tofar da laka. Mai matsattsen zane cika yake yi ya koma sumul."

Ta gyara gammonta za ta ɗauka, ya hana. Ya ɗaure tayar a bayan kekensa, ya ce wa maƙwabcinsa ya duba masa rumfa, suka kama hanya, shi a gaba yana tura keke, ita a baya. Sun yi nisa kafin ya yi magana, bai juyo ba.

"Sau ɗaya na je asibiti. Da na ga yadda Bawa ya koma, ban iya komawa ba. Kullum sai in ce gobe."

"Ga goben ta zo," in ji Rekiya.

Da suka isa ta yi masa iso. Armiya'u ya cire takalmi, ya shiga da tayar a hannu, ya zauna a ƙasa kusa da katifa. Bai yi dogon jaje ba. Ya ce, "Bawa, an yi mani sabon mai saye a rumfa, ya fi ka tsanani. Duba abin da ya zaɓa, in ya yi kuskure ka faɗa mu kore shi."

Bawa ya daɗe yana kallon abokinsa. Ya kalli Rekiya da ke tsaye a bakin ƙofa, shaidar gammo har yanzu a goshinta. Sannu a hankali ya fito da hannun hagu daga mayafi. Armiya'u ya matso da tayar. Hannun ya shiga ciki, ya zagaya, ya fito ya bi zanen tudu-tudu, ya danna. Ya dunƙule ya ƙwanƙwasa gefen sau biyu yana saurare. Leɓensa ya fara rawa, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Ta... yi."

Rekiya ta saki labule ta koma bakin murhu, ta hau hura wutar da ba ta mutu ba.

Sule ya dawo bayan la'asar ya tarar da tayoyi huɗu jere a zaure, da Armiya'u yana jiransa da jak da sifana. Ya gane abin da ya faru. Ya shiga ciki fuska a ɗaure, ya tarar da Rekiya tana tankaɗe.

"Da ka kika kai ta? Cikin gari? Yanzu mi za a ce da ni a tasha?"

"Za a ce kana da yaya mai taurin kai."

Ya zauna a bakin rijiya, ya cire hula ya riƙe. Da ya sake magana muryarsa ta sauka. "Duk ƙauyen da na shiga sai a ce, Bawa ba nan yake tsayawa ba, Bawa ba haka yake ɗaure kaya ba. Na so in yi abu ɗaya da kaina ya yi kyau."

"Kai kake ciyar da gidan ga, Sule. Kai kake ɗaga shi. Wannan ba abu ɗaya ba ne." Ta ajiye rariya. "Ni tsoro nake ji. Ɗaya yana kwance. In aka kawo mani kai ma, ina zan sa kaina?"

Sai ya mai da hularsa, ya shiga ɗaki, ya sungumo yayansa ya kawo shi zaure ya jingine da bango, inda zai ga ƙofar gida. Shi da Armiya'u suka kwance na rani, suka ɗaura na damina, sabuwar a baya ta hagu. Da Sule ya zo ɗaure noti yana bin su a jere, sai Bawa ya buga tabarma da hannu. Sule ya waiwayo. Bawa ya nuna sama, ya nuna ƙasa, ya nuna dama, ya nuna hagu.

"A tsallake-tsallake yake so," in ji Armiya'u.

"Na ji, ranka ya daɗe," in ji Sule, ya sassauta ya sake.

Kwana huɗu bayan nan ruwa ya sauka.

A tsakiyar daminar, yayar Bawa mai suna Mariya, wadda ke aure a wani ƙauye bayan Moriki, ta aiko cewa ƙafa ta hana ta zuwa, kuma tana son ta ga ɗan'uwanta. Rekiya ta yi zaton Bawa zai ƙi. Da aka faɗa masa sai ya nuna babbar rigarsa da ke rataye.

Suka sa shi a gaba, Rekiya a gefensa ta tallafe kafaɗar da ta mutu. Har Moriki kwalta ce. Daga nan suka sauka hanyar ƙasa, gero ya kai ƙugu hagu da dama. Kafin ƙauyen akwai fadama inda ruwan jiya ya kwanta, shanu kuma sun tattake wurin ya zama taɓo. Sule ya shiga da ƙarfinsa, motar ta yi rabi ta tsaya, tayoyin baya suna juyawa suna watsa laka. Ya ƙara mai. Bawa ya kama masa gwiwa ya matse.

Sule ya ɗaga ƙafa. Bawa ya nuna baya, ya kai yatsa bakinsa ya yi "tsss."

"Iska zan rage?"

Ya gyaɗa kai. Sule ya naɗe wando ya sauka cikin taɓon, ya rage wa na baya iska kaɗan-kaɗan yana leƙowa, har Bawa ya ɗaga hannu. Wasu Fulani biyu da ke kiwo a kusa suka jingine sandunansu suka zo suka dafa bayan motar. Sule ya koma ya zauna. Bawa ya ɗaga yatsu biyu, Sule ya sa giya ta biyu. Sa'an nan Bawa ya ɗora tafinsa a kan gwiwar ƙanensa yana dannawa a hankali, Sule yana taka mai daidai nauyin hannun. Motar ta yi nishi, ta girgiza, ta kama ƙasa, ta hau tudu.

Sule ya yi kabbara. Bawa ya yi wata irin dariya ta rabin baki, ta farko tun bazara, hawaye yana bin kumatunsa. Rekiya ta share masa da gefen hijabinta.

Bawa bai sake riƙe sitiyari ba, motar ta zauna a hannun Sule. Amma ranar nan, da suka isa, Mariya ta rarrafo har bakin zaure tana kiran Bawa da sunansa na yarinta. Aka shimfiɗa musu tabarma ƙarƙashin bishiyar bedi, ta sa aka dama fura da nonon safe. Ya ƙi a ba shi a baki. Ya karɓi ludayin da hannun hagu, yana zubarwa a riga yana sha, ita kuma tana ba shi labarin waɗanda suka haihu da waɗanda suka rasu, har aka kira la'asar.